Ranar Da Gwaggo Dije Ta Karɓe Ni Gyara

Duk wanda ya taɓa sayar wa Gwaggo Dije wani abu a Rano ya san cinikinta ba ya ƙarewa da biyan kuɗi. Za ta biya, ta karɓi kayanta, sannan ta tsaya. Ba ta roƙo, ba ta ɗaga murya. Tafin hannun dama kawai take buɗewa, ta zuba wa mai kaya ido har ya tuna bai yi gyara ba. Mai tumatir ya san hannun nan, mai gishiri ya san shi, mahauci ma ya san shi. Neman gyara a kasuwa ba baƙon abu ba ne. Abin da ya raba Gwaggo da sauran mutane shi ne, ita ba ta yarda akwai wurin da ba kasuwa ba. Ta buɗe hannun a kemis, aka ƙara mata ƙwaya biyu ta ciwon kai. Ta buɗe shi wurin tela, ta dawo da ƙyallayen da suka cika matashin kai. Ranar da aka yi mata allura a asibiti ma, sai da ma'aikaciyar ta haɗa ta da auduga.

Amma a yi mata adalci. Shekara arba'in tana sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun tana gidan mijinta a Nariya har ta dawo gidanmu bayan rasuwarsa, ba wanda ya taɓa sayen kwalba ɗaya ya tafi ba ta ɗiga masa ƙari ba. Takan ce ciniki babu gyara gaba ce.

Tun da ta rasu, yaran da suka taso daga baya suke tambayata dalilin da ya sa manyan gidanmu ke ce mini Gyara, ni da furfura ta fara cin gemuna. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya huta.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. Babana take cewa, ko da faɗa za ta yi mini.

Shekara goma ke nan. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, na yi wa 'ya'yana uku alkawarin in an yi Sallah zan kai su wani wurin wasan yara a Kano, irin mai lilo da ƙaramin jirgin ƙasa da motoci masu karo da juna. Na yi tanadi daidai gwargwado: man mota, tikiti, kaza, askirim, har da hoto. Kuskurena ɗaya, a tsakar gida na yi alkawarin. Gidanmu kuwa kun san shi, sassa biyar, ƙofa ɗaya. A lokacin akwai yara goma sha shida a ciki waɗanda suka isa tafiya da ƙafarsu.

Cikinsu akwai Ummi, 'yar ƙanena marigayi Sani. Shekararta shida, mahaifiyarta ta yi aure a Durba, ita kuma tana ɗakin Gwaggo. Yarinya ce mai shiru, 'yar mitsitsiya kamar ba ta kai shekarunta ba. Tana da wata ɗabi'a da ban lura da ita ba sai daga baya. Duk abin da ake rabawa a gidan, ko alewa ce, sai ta ja da baya ta tsaya har a gama. In ya rage ta samu, in bai rage ba ta koma ɗaki. Ba wanda ya koya mata. Ita ta dubi gidan ta yanke wa kanta matsayi.

Da la'asar Gwaggo ta aika a kira ni. Na same ta tana tuyar ƙuli. Ta tambayi abin da na tanada, na faɗa. Ta tambayi yara nawa, na ce uku. Ta ce ita a saninta sha shida ne. Na shiga yi mata bayani irin wanda ake yi wa tsofaffi, cewa Kano ba Rano ba ce, can ko ruwa sai an saya. Ta bari na kai aya.

"Babana, a ɗakinka ka yi maganar ko a tsakar gida?"

"A tsakar gida, Gwaggo."

"To tsakar gida za ka kai. Ko duka, ko babu. Kawo kuɗin."

Na kawo. Ban ƙara ganinsu ba sai a ƙofar wurin wasan.

Abu na farko da ta soke shi ne ranar tafiya. Ta ce mai zuwa wurin wasa ranar Sallah da mai sayen rago ranar jajiberi uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ta aiki Malam Habu, direban bas ɗin da ke ɗauko wa 'yan tireda kaya daga Kano, ya binciko mata. Ya dawo da labari huɗu. In hidimar Sallah ta wuce tikiti yana sauka. Tikitin ranakun aiki ya haɗa da hawa abu uku. Ba a shiga da abinci. Sannan akwai wani jan layi a jikin bangon ƙofa, duk yaron da kansa bai kai layin ba kyauta yake shiga.

Wannan na ƙarshen shi ya shiga ran Gwaggo. Ta tambayi tsayin layin, Malam Habu ya nuna wajen ƙugunsa ya ce kamar nan. Gwaggo mai awo ce, ba ta aiki da kamar nan. Ta zaro kara daga dangar bayan gida ta miƙa masa, ta ce ya je ya jingina shi da bangon, ya yanke daidai layin. Mutumin nan da girmansa ya ɗauki kara tun daga Rano har Kano, ya tsaya gaban masu gadi ya auna bangonsu, ya yanke, ya dawo da shi a kujerar gaba. Gwaggo ta jera yara a tsakar gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyar ba su kai kara ba. Ta biyar ɗin Ummi ce, ita kuma da ƙyar ta tsira, tazarar ba ta wuce kaurin tsinke ba. Gwaggo ta soke karan a rufin ɗakinta saboda awaki.

Aka yi azumi, aka yi Sallah. Yaran unguwa suka je Kano suka dawo da labari, namu suna zaune. Kayan Sallah kwana ɗaya ta bari aka sa, ta karɓe ta wanke, ta ninke a ƙarƙashin katifarta. Da babban ɗana Nura ya je yana ƙunƙuni cewa Sallah ta ƙare, ta ce masa ta kowa ce ta ƙare, tasu tana nan a ajiye.

Motata ma ba ta tsira ba. Ta ce abin da ke ɗaukar mutum biyar ya sha mai kamar rijiya ba mota ba ce, ado ne. Ta riga ta san bas ɗin Malam Habu fayau yake tafiya Kano ranar Talata da safe, sai a dawowa yake lodi. Ta ce motar da za ta tafi da iska gara ta tafi da jikokinta. Ta ba shi wani abu na mai, ta haɗa masa da kwalbar man gyaɗa, sannan ta buɗe hannu. Gyarar ita ce ya sauke mu a bakin ƙofar wurin, ya kuma dawo ya ɗauke mu. Ni kuma ta sa na bar katin banki a gida. Ta ce namiji da kati a Kano ƙwarya ce mai huji.

Talata ta biyu bayan Sallah muka tashi, yara sha shida cikin kayan Sallah masu ƙamshin katifar Gwaggo, mutane a hanya suna kallonmu kamar waɗanda suka ga wata a makare. Muka bi ta Bunkure, muka isa da hantsi.

Ba mu nufi ƙofa ba. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya daga waje, ta buɗe kula biyu na dambu da zogale, da jarkar zoɓo. Dokarta ita ce kowa ya ci har ya zama babu wurin da kwaɗayi zai zauna in an shiga ciki. Duk wanda ya ce ya ƙoshi sai ta ƙara masa cokali biyu. Ta zuba a kwano ta aika wa masu gadi da mai sayar da tikiti. Na ce mata kada a ɗauka cin hanci ne. Ta ce cin hanci a ɓoye ake ba da shi, ita dai ba a haife ta a gidan da ake cin abinci a ƙofar mutum ba a ce masa bismilla ba.

Sannan aka je layi. Yara huɗu suka tsaya jikin bango, suka wuce. Ummi ta tsaya. Mai gadi ya ɗora tafin hannu a kanta, ya duba, ya ce ta cire takalmi. Ta cire. Ya sake dubawa. Ta haura layin da kaurin yatsa guda.

Gwaggo ta sa hannu cikin buhun tabarma ta zaro karan. Ashe da shi ta zo, don kada a ce an sauke layi bayan Sallah. Ta jingina shi da bango, ya zauna daidai. Ta jingina shi da Ummi, Ummi ta wuce shi. Ta yi tanadin ranar tafiya, da mota, da abinci, da awaki. Abu ɗaya ne bai zo mata ba: kusan wata biyu ke nan da awo, kuma duk azumin nan ita da kanta take dama wa yarinyar kunun gyaɗa safe da yamma.

Ta kwance haɓar zane. Kuɗin mutum goma sha uku ne cif, yara sha ɗaya da ni da ita. Yanzu ana neman na sha huɗu.

Nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa, kuma tunda na ce zan rubuta, zan rubuta. Na sunkuya na raɗa wa Ummi ta cire ɗankwali, ta ɗan sassauta gwiwa, zan ce a sake aunawa. Mai gadin da ya ci dambu har ya fara kallon wani gefe. Gwaggo kuwa kunnenta bai tsufa ba.

"Yarinyar da nake ɗura wa kunu don ta miƙe, ita za ka ce ta lanƙwashe? Shekara arba'in ina awo ban taɓa lotsa gindin gwangwani ba. Ba zan fara a kan 'yar Sani ba."

Muna cikin haka muka waiga ba Ummi. Tana can gindin bishiya kusa da kulolin da aka cinye, takalmanta a hannu. Na je na ce ta taso, ta ce ba komai, ita za ta tsare kaya. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Sai a lokacin tunanin da ya kamata ya fara zuwa mini ya zo, na ce ni zan zauna a waje, ta shiga da tikitina. Gwaggo ta tambaye ni wa zai bi yara maza tara a guje, ita da gwiwar nan tata. Ta kuma tuna mini cewa da ta ce ko duka ko babu, ba ta cire masu gemu ba.

Ta ce a kira mata mai wurin. Aka kira manaja, wani matashi cikin kwat, mai ladabi. Ya ce, "Sannu Hajiya." Ta ce ba ta je Makka ba tukuna, tana jiran kuɗin kujera ya sauko. Ya yi mata bayani cewa farashi a rubuce yake, ba shi ya sa ba, kuma ba a ciniki a nan. Ta saurare shi kamar yadda ta saurare ni a gaban kaskon ƙuli. Sannan ta tambaye shi mutum nawa ne a ciki yanzu. Ya leƙa, ya ce ba su da yawa. Ta tambaye shi ko lilon nan yana rage shan mai in kujera ɗaya ba kowa. Ya ce a'a. Ta tambaye shi a wace kasuwa ya taɓa ganin an sayi abu goma sha uku wuri ɗaya, mai saye ya tafi hannu rabbana. Ta ajiye kuɗin a kan kanta, ta buɗe tafin hannun dama.

Na sha ganin hannun nan, amma ban taɓa ganinsa a gaban mai kwat ba. Manaja ya dubi hannun, ya dubi mai tikiti, wanda har lokacin akwai zogale a haƙorinsa. Ya dubi yara goma sha biyar da suka zuba masa ido. Can sai ya yi dariya, ya ce mahaifiyarsa ma da faifai ta rene su, ya san wannan tsayuwar, ba ta ƙarewa.

"Na ji, Mama. Yarinyar ta shiga. Ita ce gyararki."

Na ɗauka magana ta ƙare. Gwaggo ta rufe hannunta. Ta karɓi tikiti goma sha uku, ta zare na sama, ta kira Ummi. Sai da yarinyar ta sa takalmi ta zo gabanta, sannan ta danƙa mata, ta ɗaga murya yadda duk yaran za su ji, ta ce wannan na Ummi ne, an biya shi cif, kuma ita za ta fara shiga. Sannan ta juya wurin manaja.

"Yaro, ba a ɗibar gyara daga kan kaya. Abin da ya rage a gefen faifai ake bayarwa. Ga gyarata nan."

Ni ta nuna.

Haka na shiga, ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya uku, da hulata da agogona, a bayan yara sha shida, ba tikiti. Mai gadi na biyu ya tare ni, na farkon ya ce masa, "Bar shi, gyara ne." Nura yana kusa. Kafin magariba sassa biyar sun ji.

A ciki ne dabarar dambu ta nuna aibinta. Abin da yara suka fara zaɓa wasu manyan kofuna ne da ake zama a ciki suna juyawa kamar dutsen niƙa. Minti uku aka yi. Da aka tsaya, biyar daga cikinsu suka dawo da dambun nan a gefen hanya. Gwaggo ta tsaya ta daɗe tana kallon ƙasa. Na matso in ba ta haƙuri, a zatona tausayin yaran ne ya kama ta. Ta ce, "Da na sani da na rage man."

Saura tikitinta. Da ta ji ita ma tana da hawa uku, ta tambaya ko ana mayar da kuɗin wanda bai hau ba. Aka ce a'a. Ko ana ajiye wa mutum sai wani zuwan. Aka ce a'a. Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta hau jirgin ƙasa sau biyu, tana zaune a miƙe kamar mai zuwa biko. Na ukun ta ce sai wancan, ta nuna wani ƙaton lilo mai kama da tayar keke, wanda ke ɗaga mutum sama ya zagayo da shi. Na ce Gwaggo, shekarunki. Ta ce shekarunta ba su biya kuɗin ba, ita ta biya. Ta kama hannun Ummi suka shiga kujera ɗaya.

Suna kaiwa can ƙololuwa aka ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi. Daga ƙasa ba abin da nake hange sai gefen mayafinta. Manaja ya cire kwat, yana kaiwa yana komowa, yana ba ni haƙuri kamar ni na biya. Sai da aka yi wajen minti ashirin kafin injin ya kama. Da suka sauko ya tare ta da ban-haƙuri. Ta daidaita mayafinta, ta tambaye shi minti nawa ake yi a ƙa'ida. Ya ce uku. Su kuma nawa suka yi? Ya ce kusan ashirin. Ta jinjina kai.

"Yaron nan ka iya ciniki. Allah ya yi maka albarka."

Har ta rasu, duk wanda ya ce zai kai yara Kano sai ta yi masa kwatancen wurin, ta ce mutanen kirki ne, hannunsu a sake yake.

Muka dawo a kan kwalayen sabulu da taliya, rabin yaran suna barci, karan yana kan cinyarta.

Abin da ya faru a saman lilon ban ji shi ba sai a zaman makokinta. Ummi ce ta faɗa mini, yanzu shekararta sha shida, ta kusa kamo ni a tsayi. Ta ce tun da kujerar ta ɗaga Gwaggo ta rufe ido, ba ta buɗe ba har suka sauko. Ta riƙe mata wuyan hannu har sai da ya yi shaida, ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta koma farko. Da wuta ta ɗauke ta ce wa Ummi ta riƙa faɗa mata abin da take gani, tunda an biya. Ummi ta faɗa: rufin kwano, hasumiyar masallaci, motoci kamar tururuwa. Ta tambaya ko ana hango duwatsun Rano, Ummi ta ce a'a. Sai ta ce, idonta a rufe:

"Duk abin nan da kike gani, da kuɗinki kika hau. Daga yau in ana rabo ki tsaya inda kike. Kika ƙara ja da baya, ni da ke ne."

Sannan ta sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa kowa an rufe ido ba. Ummi ta riƙe shekara goma.

Ranar sadakar bakwai aka fito da waina a ƙofar gida, yaran unguwa suka taru, Ummi ce riƙe da tire. Ina zaure ina kallo. Akwai wata 'yar maƙwabta can baya, ta fara zamewa tana jingina da bango. Ummi ta tsallake hannuwan da aka miƙo mata, ta je ta ba yarinyar tukuna. Har ta juyo, sai ta koma ta ƙara mata ɗaya. Na tashi na shiga ciki, don bai kamata a ga Gyara yana share ido a zaure ba.

Na so in kai yara uku in bar sha uku su ji labari. Na so in koya wa marainiya lanƙwasa gwiwa don a bar ta ta shiga. Gwaggo ta raba ni da duka biyun a rana ɗaya, da kuɗina, ta kuma bar mini suna. Ban taɓa yi mata godiya ba, don na san abin da zai biyo baya: za ta karɓa, ta buɗe hannu.

Karan yana nan a rufin ɗakinta, ba wanda ya taɓa shi.

Ya Allah, baiwarka Dije ba ta taɓa tauye mudu ba, ba ta kuma bar na baya ya tafi hannu wofi ba. Ka jiƙanta, ka haskaka kabarinta. In an zo awo ka cika mata, ka danna, sannan ka yi mata gyara irin wadda ta dace da yalwarka. Amin.